Ɓargo a Kunun Jariri: Abin da Yake Yi da Abin da Ba Ya Yi

Jawabin ɓangaren mata na ƙungiya a taron ƙarshen damina



Shugabannin ƙungiya, ardo-ardo, malamai, uwayenmu da kakanninmu mata, ƴan'uwa makiyaya, Fulani da Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawa masu kiwo, muna yi muku barka da zuwa, barka da hanya. Mun san da yawa sun baro garke a hannun yara, hankalinsu yana can, saboda haka za mu yi ƙoƙari kada mu daɗe.

Tun jiya ake maganar burtali da rijiyoyi da allurar bisashe. Yau mu mata mun roƙi a ba mu fili mu yi maganar ƙashi da abin da ke cikinsa. Mun ga baffanninmu suna murmushi. To, a yi haƙuri a saurara, domin ƙarshen maganar a kansu za ta sauka.

Ga abin da ya tada ta. Ƙannenmu da ke karatu a birni sun zo hutu suna nuna mana a waya yadda mata a Amurka da Turai suke sayen ƙashin sa wurin mahauci, su gasa, su kwashe ɓargon da cokali su ba jariri, suna cewa shi ne abincin farko da ya fi kowane. Da wata innarmu ta gani sai ta ce: ashe sai yanzu suka waye? Gaskiyarta. Kakanninmu sun daɗe suna buga ƙashi a bakin turmi suna lasa wa jika. Kuma ba mu kaɗai ba: can ƙarshen arewacin Turai, Samawa masu kiwon barewar ƙanƙara suna dafa ƙashin ƙafarta domin ɓargon, abin marmari ne a wurinsu. Duk mai kiwo ya san darajar ɓargo.

Amma mun lura maganar ta fara karkata gida biyu. Wasu ƴan mata sun ɗauka tun da Turawa sun yaba, to a ba jariri tun yana wata uku ko huɗu. Wasu kuma sun ɗauka ɓargo maganin ƙarancin jini ne, in an ba shi an gama. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai iya cin rai. Shi ya sa muka zauna da malaman lafiya da likitocin bisashe, muka haɗa abin da suka sani da abin da muka gada, muka kawo muku.

Mu fara da lokaci. Tun shekarar 2001 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsai da shawara cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida cikakku: ba ruwa, ba bauri, ba man shanu, ba nonon akuya, ba ɓargo. Bayan wata shida a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Wannan shekara biyun kuwa malamanmu sun riga sun karanta mana ita a Alƙur'ani. Amma a ƙasarmu Nijar binciken lafiya na 1998 ya sami kusan jariri ɗaya ne kawai bisa 100 ke shan nono zalla, na 2012 kuma ya sami 23 bisa 100. An ci gaba, amma sauran 77 ɗin fa?

Mu makiyaya bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba. Wane ne a nan zai hana ɗan maraƙi dakashi? Kowa ya san maraƙin da bai sha dakashin uwarsa ba a ranar farko zawo ke kashe shi, in ma ya tashi to a kumame. Amma har yanzu a wasu rugage ana tatse dakashin mace a zubar, a ce bai da kyau, a ɗura wa jariri nonon akuya kwana biyu ko uku. Abin da ba mu yi wa ɗan saniya, shi muke yi wa ɗan mutum. Kuma ranar suna, in an yanka rago, jaririn kwanansa bakwai a duniya. Ɓargon ragon nan da hantarsa na mai jego ne. Ita za ta ci, shi ya samu ta nono. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To wata shida sun cika. Yaro ya fara zama in an tallafe shi, yana bin ludayi da ido, yana kai hannu ga ƙwarya. Nono shi kaɗai ya daina isarsa. Masana sun auna giɓin da ma'aunin ƙarfin abinci da ake kira kalori: daga wata 6 zuwa 8 yana bukatar wajen kalori 200 a yini daga abinci bayan nono, daga wata 9 zuwa 11 wajen 300, daga shekara ɗaya zuwa biyu wajen 550. Matsalar ita ce cikinsa ƙarami ne, bai wuce rubu'in lita ba a zama guda. Mu kuwa me muke zuba masa? Kunun gero tsararo, ko farau-farau, ko ruwan saman fura. Cikin ya cika tim, uwa ta ga ya ƙoshi, alhali yawancin abin da ya sha ruwa ne. Haka tamowa ke shigowa a hankali, ba da sallama ba.

A nan ne ɓargo yake da aiki, kuma aiki mai kyau. Ɓargon dogon ƙashi na bisa mai ƙiba kusan duk mai ne, fiye da kashi 80 bisa 100. Giram 100 nasa ya kusa kalori 800, watau bai yi nisa da man gyaɗa ba. Cokalin shayi guda a cikin kunu yana ƙara wajen kalori 35 zuwa 40 ba tare da ya ƙara cika ciki ba. Ga shi da taushi, yana narkewa a baki, yaro mara haƙori ba ya shan wahalarsa. Jariri kuma yana bukatar mai ƙwarai, domin ƙwaƙwalwarsa tana girma da sauri a shekara biyun farko, kuma kusan rabin ƙarfin da ke cikin nonon uwa ma daga mai yake. Man yana kuma taimakon jiki ya ɗauki bitamin A daga ganye irin zogale da kabewa. Ke nan kakanninmu ba su yi kuskure ba.

Sai dai a lura da kyau: wannan aikin, man shanu ma yana yin sa. Wadda ke da man shanu a ƙwarya, ko man gyaɗa, kada ta ga kamar ɗanta ya rasa wani abu don ba a yi yanka ba. Cokalin shayi guda na man shanu mai tsabta a kunu mai zafi ya tsaya a madadin ɓargo.

Yanzu abin da ɓargo ba ya yi, kuma nan muke so a buɗe kunne.

Ana haihuwar jariri da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wanda da shi ake ƙera jini. Ajiyar nan tana kai shi wata huɗu zuwa shida sai ta ƙare. Shi ya sa ma ake gaya wa unguwar zoma ta dakata minti ɗaya zuwa uku kafin ta yanke cibi, domin sauran jinin mabiyiya ya gangara wa jariri. Bayan wata shida yana bukatar wajen miligiram 9 zuwa 11 na ƙarfen nan kowace rana, abu mai yawa ga ɗan ƙaramin jiki. Nonon uwa yana da kaɗan. Nonon saniya da na akuya ma kaɗan ne ƙwarai, ko da kuwa yaro zai sha ƙwarya guda. Wannan magana tana yi mana ɗaci mu masu nono, amma gaskiya ce. Gero yana da shi, sai dai jiki ba ya iya cire shi sosai daga hatsi. Binciken 2012 ya sami yara 73 bisa 100, daga wata 6 zuwa shekara 5, da ƙarancin jini a Nijar. Ku buɗe fatar idon yaro ta ƙasa, ku duba tafin hannunsa: in kun ga fari fat, shi ne. Yaro mai ƙarancin jini ba ya da kuzari, ba ya saurin koyo, kuma in zazzaɓin sauro ya same shi a kan haka, nan da nan sai a ji ana neman jinin ƙari a asibiti mai nisan yini guda.

Mutane suna cewa ai a cikin ƙashi ake yin jini, to mai cin ɓargo jini yake ci. Maganar tana da tushe, amma ba ta cika ba. Ɓargo iri biyu ne. Akwai ja, shi ne mai ƙera jini. A babbar bisa yana cikin haƙarƙari da ƙashin baya da na ƙugu, a lulluɓe cikin ƙashi mai kamar soso, ba a kwasar sa da cokali. Akwai kuma fari mai ruwan ɗorawa, na cikin ƙauri da cinya, wanda muke bugowa mu sha. Wannan rumbun mai ne. Ɗan ƙarfen da ke cikin cokalin shayi guda nasa bai taka kara ya karya ba, haka ma abin gina jiki. In kuma aka ce bari a ba yaro da yawa don ya samu, man zai gundure shi, ya ƙi nono, ya ƙi sauran abinci, wani ma ya yi zawo.

Abin da ke ƙara jini yana jikin bisar nan dai da muka fasa ƙashinta: hanta, da saifa, da zuciya, da ƙoda, da jan nama. Su ne ke da ƙarfen da jiki ke ɗauka da sauƙi, da zinki mai taimakon girma da tsai da zawo. Shawarar OMS ta 2023 a kan abincin yara daga wata 6 zuwa 23 ta ce a ba su nama ko kifi ko ƙwai kowace rana. Mun san kowace rana ba ta samuwa a daji. Amma tsakanin kowace rana da daga Layya sai Layya akwai fili mai faɗi. Hanta kuwa tana da bitamin A mai yawan gaske, saboda haka ɗan yanki kamar babban yatsa, sau ɗaya ko biyu a mako, ya isa. Ƙwai kuma, na kaza ko na zabo, a dafa shi ya yi tauri a murje. Batun cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, mun duba ɓarayin shanun da suka dame mu, ba mu ji an ce ƙwai ne ya lalata su ba.

Akwai abin da mu muka sani wanda matan da ke cikin wayar nan ba su sani ba, domin su a kanti suke sayen ƙashi. Ɓargo yana bin lafiyar bisa. Duk wanda ya yi yankan dole a ƙarshen rani, ko ya ga fari na 1984 ko na 2010, ya san ƙashin saniyar da yunwa ta kayar: in an fasa, sai ka ga abu ja-ja, ruwa-ruwa, yana rawa kamar kaki. Saniyar ta riga ta cinye man nata kafin ta faɗi, ruwa ne ya maye gurbinsa. Wannan ba abin ba jariri ba ne, babu komi a ciki. Ɓargon kirki shi ne na yanzu, bayan damina zuwa farkon ɗari, mai tauri, fari ko ruwan ɗorawa, wanda in ya huce yake daskarewa kamar man shanu.

Sa'an nan bisar ta zama lafiyayya aka yanka ta. Mun san halinmu: ba mu cika yanka mai lafiya ba, sai wadda ta kwanta, a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe. Naman irin wannan kada ya kusanci jariri. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta baya, ana zaton ciwon saifa ne, wanda likitocin bisashe ke kira sharbon. Ita ko feɗe ta ba a yi, balle ci, sai a kira likitan bisashe. Bakkale, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, yana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa abin ɓari, ƙwayarsa kuma tana son maƙalewa a saifa da hanta da ɓargo. Mutanen jihar Tawa ba su manta 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla wajen Cintabaradan da Tasara, ya kashe bisashe, ya kashe makiyayan da suka yi hulɗa da jini da naman marasa lafiya. Haka kuma bisar da aka yi wa allura kwanan nan, musamman teramisin da kowa ke yawo da shi a jaka: a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono, kuma irin wannan magani yana son zama a ƙashi. A sa mai karatu ya duba.

Ga yadda za a yi shi. A sami ƙashin ƙauri ko na cinya na yankan ranar. A wanke hannu da sabulu, a wanke ƙashin. A dafa shi a ruwa ya tafasa sosai, har ɓargon ya nuna ciki da waje, babu sauran ja. Ɗanyen ɓargo ko mai rabin nuna ba na yaro ba ne. Kason jariri a cire shi kafin a zuba gishiri da magi da yaji, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar gishiri ba. A kwashe da cokali mai tsabta, a murje, a tace ta rariya mai ƙananan ido.

Tacewar nan kada a raina ta. Mahautanmu da gatari ko adda suke sara ƙashi, tsinin ƙashi kuwa kamar allura yake, yana ɓuya cikin ɓargo ido bai gani. A wata ruga da muka sauka bara, wata kaka ta buga ƙashi a tafinta ta lasa wa jikanta ɗan wata takwas, da ƙauna ta yi, ɗan tsinin ya maƙale masa a maƙogwaro. A kan amalanke aka kwana ana neman gidan likita. Allah ya sa da sauran kwanansa. Saboda haka kada a miƙa wa jariri sararren ƙashi ya riƙe yana tsotsa, ko ana ganin haƙori ke yi masa ƙaiƙayi. Kuma lakar da ke cikin ƙashin baya ita ba ɓargo ba ce, a bar wa manya.

A fara da rabin cokalin shayi a dama cikin kunu, in ya karɓa lafiya kwana biyu a kai cokali guda. Kunun ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba sai a hankali. In ya yi wa yaro kauri da yawa, ɗan garin tsiron gero kaɗan a cikin kunu mai zafi yana sassauta shi ba tare da an ƙara ruwa ba; a mai da shi wuta ya sake tafasa. A cikin kunun nan za a sa dakakkiyar hanta, ko nama, ko ƙwai, ko garin wake ko ƙuli-ƙuli mara yaji, da ɗan garin zogale. In akwai farin garin ɗiyan kuka, ko tumatir, ko lemo, a haɗa, domin tsaminsu yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin gero da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana ƙarfe shiga jiki. Masu ɗanɗana wa jariri ƙarshen kofi na uku, a daina. Zuma ma sai ya cika shekara. Romo shi kaɗai kuma kada a ce an ba yaro nama. Amfanin yana cikin tsokar, romo ruwa ne mai daɗi.

Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a yini, a fara da babban cokali biyu ko uku ana ƙarawa. Daga wata 9, sau uku ko huɗu. A zaunar da shi a cinya, kansa a miƙe, a ba shi da cokali da haƙuri. Ɗura, a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba kunu ta tafin hannu, tana kai kunu cikin huhu. Abin da ya rage ya wuce awa biyu a zafin nan namu, babba ya shanye, a dama wa yaro sabo. Nonon saniya ko na akuya ko na raƙuma, in za a sa a kunu bayan wata shida, a tafasa shi tukuna, kuma ba ya maye nonon uwa.

Yaron da ya riga ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ma'aunin dantse ya nuna ja, watau ƙasa da milimita 115, wannan ya wuce batun ɓargo da hanta. Gidan likita za a kai shi, a ranar.

To baffanni da mazajenmu, ga inda muka ce maganar za ta sauka. In an yi yanka a ruga, wa ke cin hanta? Tun ba a gama fiɗa ba an hura wuta a gefe, an gasa ta, maza sun cinye a tsaye. Tsoka ta tafi akushin baƙi da na mai gida. Abin da ke isowa wurin mata da yara shi ne ƙashi da romo. Mun yi zargin ma shi ya sa kakanninmu suka ƙware a ɓargo: shi ne abin da aka bar musu. Ba mu ce ku daina cin hanta ba. Mun ce kafin a ɗora ta a wuta, a yanki kason kowane yaro da ke tsakanin wata shida da shekara biyu a rugar, da na mai ciki da mai shayarwa, a aika musu. Ranar kasuwa, wanda ya sai da ɗan bunsuru ya zauna gaban mai tsire, ya tuna ya sayo ɗan jan nama, ko ƙwai, ko busasshen kifi ya sa a jaka. Lokacin Layya, a ware tsoka mara kitse a shanya ta bushe ƙayau ba yaji, mata su daka ta zama gari a rufe a gwangwani. Cokali guda a dafa cikin kunu, zai kai yaro makonni. In kuma garke zai tafi mashekari mai nisa a bar mata da yara a baya, a bar musu abin tatsa da ƴan kaji, kada a kwashe duka.

Mun roƙi shugabanni abu guda, su sa cikin takardar da za a kai wa hukuma: duk lokacin da ma'aikata suka fito allurar bisashe a mashaya, malamin lafiya ya biyo su da ma'aunin dantse da sikeli da bitamin A, tun da a ranar ce ake samun mu a wuri ɗaya.

Bayan sallar la'asar akwai tukunya a bayan rumfar mata. An ba mu ƙauri biyu da hanta daga ragon da aka yanka wa baƙi. Duk mai goyon da ya kai wata shida ta zo da cokalinta da kofinta, za mu dama tare, kowa ta ga kaurin da muke nufi da idonta. Kakanni ma su zo, akwai rariya da za mu ba kowace ruga guda ɗaya. Maza masu son gani ba a hana su ba, amma hantar an riga an ƙirga ta.